Ranar da Likita Ta Sa Na Amsa Ni Na Haife Ta

Abin nan ya faru damina biyu bayan annobar da ta hana mu cin kasuwar Gaya, wadda aka ce kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle. A shekarar ce rijiyar ƙofar gidanmu a Balan ta rufta, kuma a shekarar aka yi gyaɗar da har yau ba a sake irinta ba. Ban yi boko ba, ban san lambar shekara ba, amma a tambayi duk wanda ya san ni, lissafi ba ya ɓace min.

'Ya'yana bakwai, ta farin mace ce. Mu a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ana yaye ta ƙanwar mijina ta ɗauke ta zuwa Gafasa, can ta girma. Goggo kowa yake ce wa ƙanwar mijin nan tawa, har ni. In zan yi zancen yarinyar sai in ce 'yar wajen Goggo, in tana kusa in ce ke. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

To, 'yar wajen Goggo tana aure a birni, sai ƙiba ta zo mata. Da farko daɗi nake ji. In ta sauko daga mota ranar biki mata suna cewa lallai gidan miji ya karɓe ta, sai in kawar da kai kamar ban ji ba. Amma abin ya wuce ado. Gwiwoyi suka ƙi, ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta. Likitoci suka ce akwai aikin da ake yi, a rage wa mutum tumbi ya dawo ɗan mitsitsi, loma kaɗan ta ƙosar da shi. Sai dai ba kowa ake yi wa ba. Dole likitar ƙwaƙwalwa ta zauna da mutum, ta ji tarihinsa, ta sa hannu. In ba ta sa ba, babu aiki.

Ita kuwa yarinyar ta taɓa yin ciwo, irin wanda ba a son a faɗa. Tsohon katin asibitinta gara ta cinye shi tuntuni, kuma ita ba ta tuna komai na kwanakin. Likita ta ce a kawo wanda ya gani da idonsa.

Ina tankaɗe da hantsi sai ga Goggo.

"Matar Yaya, ɗauko mayafi, birni za mu. Shaida za ki bayar."

"Ke da kika raine ta ki je mana."

"Ni tuwo na ba ta. Ciwon a ɗakinki aka yi shi, lokacin wankan jego. Ko ni na dafa mata ruwan?"

"Dangin miji dai ba ku iya sallama ba, sai umarni."

"In kin gama mitar ki sa takalmi."

Likitar kuwa ƙaramar yarinya ce, ba ta kai autata ba, da tabarau. Ta iya gaisuwa, wannan na ba ta. Muka zauna mu uku a gabanta, 'yar wajen Goggo a tsakiya.

"Mama, ke ce mahaifiyarta?"

Na ɗaga kai na kalli fanka. "'Yar gidanmu ce."

"To ina mahaifiyar?"

"Tana nan lafiya."

Goggo ta cusa baki a mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Me kika sani game da ciwon da ta yi?"

"Ni me zan sani? Yara ai sukan yi 'yan ciwace-ciwacensu."

"Bayan aiki wa zai zauna da ita?"

"Allah zai kawo mai zama."

Ni a wajena na yi abin da 'yar mutunci take yi. Ashe ɓarna nake. Likita ta ajiye biro ta juya ga yarinyar. Ta ce ciwon da ta yi ba ya hana aiki, ana yi wa masu irinsa da yawa. Amma ita ba ta san sau nawa ya zo ba, ba ta san yaushe ne na ƙarshe ba, kuma bayan aiki jiki yana sauyawa, har ƙwayar da take sha tana iya sauya yadda take kama ta. Ana bukatar wanda ya san alamun ciwon ya zauna kusa. Tunda babu, ba za ta sa hannu ba, sai a dakata.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Inna, mu tafi." Ta dafa gwiwoyi za ta tashi, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta sake komawa, tana murmushi don kada a ji tausayinta.

Na ce, "Ke, zauna."

Goggo ta ce, "Likita, kada ki biye wa tsohuwar nan. Kunya ce. 'Yar fari ce."

Likita ta riƙe baki. "Wallahi kakata haka take yi wa babana, ban kawo ba sam! Mama, ko ta fita ku yi magana?"

"Da waɗanne gwiwoyin? Bar ta. Sau ɗaya zan faɗa, kowa ya buɗe kunne."

Na tashi na juya kujerata, na ba yarinyar baya, na fuskanci bango. Akwai hoton ƙwaƙwalwar mutum a jiki, shi na yi wa bayani.

Na ce ni na haife ta, wata ranar Laraba, ana yankan gero. Na ce ciwon ya fara zuwa da ta yi haihuwar fari, kwana biyu bayan suna. Barci ya ƙaurace mata, magana ba tsayawa, ta ƙi jaririn, ta ce ba nata ba ne. Muka ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ungozoma ta kawo nata saiwoyin, har mahaifinta ya gaji ya ɗauki mota zuwa asibiti, aka ba ta ƙwaya, cikin wata guda ta dawo tana neman ɗanta. Na biyu a haihuwa ta uku, bai yi tsanani ba, don mun gane da wuri. Na uku kuwa wata maƙwabciya ce ta ce mata ƙwayar ce take sa ta ƙiba, ta daina sha.

"Wannan yaushe ne, Mama?"

"Shekarar da mahaifinta ya sayar da jan sa."

Biron ya tsaya. Goggo ta ce, "Shekarar da aka haifi jikata ta Kademi ke nan, wadda take shirin gama sakandare." Likita ta ƙirga a yatsu, ta ce to an daɗe.

"Tun daga nan bai dawo ba. Kuma ba ya zuwa bagatatan. Kwana uku kafin ya zo za ki ga tana ninke kaya, ta warware, ta sake ninkewa. Sai ta fara yi wa mutane alkawarin kyauta, kowa zani, kowa turare. In kin ga haka, a nemi mota."

"Kin tabbata tana shan maganinta yanzu?"

"Duk zuwanta gida sai na buɗe jakarta na duba. Ba ta tsallake."

Daga bayana na ji murya. "Inna! Ashe ke ce kike birkita min jaka? Shekara nawa ina zargin 'ya'yan ƙannena!"

"Ba da ke nake ba, da bango nake."

Goggo ta yi dariya har da tari. Likita ta cika takarda biyu gaba da baya, ta ce, "Mama, da kin yi boko da kin ƙwace min kujera."

Na ce, "Kujerar nan mai juyi? Riƙe abarki, jiri take sawa."

Ta sake tambayar wa zai zauna da ita. Na ce wanda ya yi mata wankan jego sau biyar bai mutu ba tukuna.

Ba a ranar ta sa hannu ba. Sai da muka koma sau biyu, ta ga yarinyar ita kaɗai, ta yi magana da mai ba ta ƙwaya, sannan. Aka yi aiki bayan babbar sallah. Na yi kwana arba'in a gidanta, ina tace romo, ina dama kunu tsararo ba sukari, ina ba ta da ƙaramin cokalin shayi. Ni da aka sani da cika wa baƙo akushi! Goggo ta zo dubiya ta ce, "Matar Yaya, rowa ta kama ki da tsufa." Idona kuwa yana kan kayan sawarta. Sau ɗaya na ga ta ninke zani, na tsaya ƙyam a bakin ƙofa. Ta ajiye shi a durowa, ba ta warware ba, ta ce, "Wanki ne kawai, Inna."

Kakar bara ta zo Balan ta bi mu roron wake, ta cika kwando kafin ni, abin da ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ƙwayarta tana sha, wannan likita ta ce ba ranar bari.

Cikin waɗanda suka ga ciwon nan na farko, mahaifinta ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ungozomar ta rasu, malamin da ya yi rubutu ma ya bi su. Maƙwabciyar nan mai ba da shawara an ce tana nan, ban nemi ganinta ba. Saura ni, sai Goggo a Gafasa, ba haƙori ko ɗaya amma bakin bai mutu ba, sai jaririn da aka ƙi, wanda yanzu gemu gare shi, sai uwarsa.