Sifana Mai Cewa Ya Isa

Akwai rigimar da Baba Direba ya sha kaye a cikinta, har yau matarsa ba ta gaji da ba da labarin ba. Wata Asabar ya tashi juya tayoyin mota a gida, noti ɗaya ya ƙi motsi. Ya zuba masa mai, ya zura bututun ƙarfe a sifana, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle, tsofai-tsofai da shi. Sifanar ta zame, ya zauna daɓas cikin bahon wanki. A jiƙe ya nufi wurin mai faci na bakin titi, ya tara masa jama'a, wai bindigar iskarsa ta ɗaure noti ce ta yi wa notin ɗaurin mugunta. Mai faci ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce rabonsa da motar nan wata takwas, wa ya taɓa tayar daga baya? Matar, da ta biyo shi da busasshen wando, ta ce ai mijinta ne da kansa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani. Darasi ɗaya aikin ya koya masa: in taya ta yi sako-sako, direba ne za a kora, in ta matse fiye da ƙima, ba mai tambaya. Shi ke nan ya kama matse komai, noti, murfin kwalba, famfon banɗaki, har 'ya'yansa. Da gwiwa ta fara ba shi matsala aka sallame shi da agogon bango, wanda ko shekara bai rufa ba ya tsaya.

Abin da ya rage masa motar babban ɗansa ce. Duk wata huɗu zai kafa jak, ya tokare taya da dutse, tayoyin gaba su koma baya, yana ɗaure noti ɗaya yana tsallake ɗaya. Ranar kaɗai ake kiransa a gidan ba don abinci ba.

Sai ya murɗa wani noti har ƙusar da notin ke kai ta karye. Ɗan ya tafi kasuwa. Ya sayo sabuwar sifana mai lambobi a jiki, a saita ta, in noti ya kai ma'auninsa ta yi ƙas, a saki. Tsohuwar kuwa ta yi ɓatan dabo. Baba ya neme ta har ƙarƙashin gado, alhali ya san sarai tana but ɗin mota a kulle.

Da Asabar ta zagayo, ɗan ya ajiye masa kujera a inuwa, ya durƙusa gaban taya da kansa. Baba ya ƙi zama. Ya ce taya ba ta taɓa fita a hannunsa ba. Ɗan ya ce gaskiya ne, amma ba ta taɓa kwantuwa ba ma.

"Baba, ƙarfi ba shi ne aikin ba. Wannan ta san inda ya isa. Da ta yi ƙas, sai a bari."

Baba ya dubi sifanar, ya dubi kujerar.

"To ta yi sa'a, ana jin maganarta. Ni shekara talatin da ɗaya ina ƙas, ba wanda ya daina murɗawa."

Ya ja kujerar ya zauna, ya ba motar baya.