Na Janye Maganata, Malam Ubaidu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, ina bakin gonata a Unguwar Gai ina duba ko ruwan da aka yi ya isa shuka, sai wayata ta yi ƙara. Wani tsohon abokin aiki ne daga Rano. Ya ce Allah Ya yi wa Malam Ubaidullahi na Rurum Sabon Gari rasuwa da hantsi, a wani asibiti a Kano, bayan jinyar kwana tara. Na ce da shi na ji. Na ajiye fartanya na zauna a gindin ɗorawa, ban iya tashi ba sai da na ji kiran azahar.

Sunana Abdulganiyyu, tsohon sufeton 'yan sanda ne. Shekara talatin da biyar na yi ina ɗaukar bayanin mutane a rubuce, ina sa su sa hannu. Yau nawa bayanin zan rubuta, domin akwai kalmar da na jefi wannan bawan Allah da ita a bainar jama'a shekara takwas da suka wuce, har ya koma ga Ubangijinsa ban janye ta ba.

Malam Ubaidu, kai ma'aikaci ne a ofishin da ke riƙe da asusun fanshonmu, mu tsofaffin jami'an tsaro, a sashen da ke yanke shawarar inda za a zuba kuɗin su yi ta haihuwa. Mu da muka saba da kulki da fareti ba mu san kan wannan aiki ba, kuma ba mu so mu sani. Saboda kai ɗan ƙasar Rano ne, kai ake turowa ka yi mana bayani duk shekara. Kana zuwa da jakarka mai tsinkakken hannu, ka tsaya ka ce wani kaso yana takardun lamunin gwamnati, wani yana inda babu kuɗin ruwa saboda masu gudun riba, wani kuma an raba shi wurare da yawa don kada wuri ɗaya ya faɗi ya tafi da mu duka. Idan ka ga mun fara hamma sai ka ce mu ɗauka iri ne, abin da ya haifa muke ci, shi kuwa ba a taɓa shi.

A shekarar 2016 abinci ya yi tsada, muka taru a wani ɗakin taro a Rano muka ce a fasa asusun a ba kowa nasa a dunƙule. Ni ne na fi kowa ɗaga murya, domin na riga na yi cinikin injin niƙa a zuciyata. Ka ce ba ka da ikon haka, kuma ko kana da shi ba za ka ba da shawarar ba, domin akwai waɗanda ke bakin aiki yanzu da su ma za su tsufa, akwai kuma matan waɗanda suka rasu. Raina ya ɓaci. Na miƙe na nuna ka da sanda na ce, "Ku dube shi da kyau. Wannan ɓarawon zaune ne, manya ke sata yana ajiye musu."

Duk wanda ya yi aikinmu ya san nauyin wannan kalma. Kuma ba ɗan tasha ne ya faɗe ta ba, sufeto ne, mutumin da ake ganin ya san ɓarawo ko daga tafiyarsa. Ba ni da shaida ko ɗaya. Da wani kofur ne ya kawo mini ƙara irin wannan lokacin ina aiki, da na kore shi daga ofis. Kai kuwa ka tattara takardunka, ka ce Allah Ya huci zuciyar Sufeto, ka fita.

Daga baya ne labari ya zo mana cewa a wannan shekarar wani mai gina rukunin gidaje, wanda ke da ƙafa a sama, ya nemi a zuba kuɗinmu a harkarsa, ka ƙi sa hannu, aka ɗauke ka daga teburinka kusan shekara biyu. Gidajen nan har yau ba su wuce linta ba. Fanshona kuwa yana shigowa duk wata, ko da ba ya isa. Na ji wannan labari na yi shiru, kamar ba da ni ake ba.

Bayan shekara biyu matata Zulaiha ta rasu, gwiwata kuma ta ƙi. Wanda bai yi aikin ɗamara ba ba zai gane irin zaman da muke yi bayan ritaya ba. Ka ƙare ƙuruciyarka a garuruwan mutane, ka dawo gida ka tarar sa'o'inka sun yi nasu zumuncin ba da kai ba. Ana gaishe ka da ladabi, amma idan ka zauna a majalisa sai hira ta canza. 'Ya'yana suna nesa, waya ce tsakaninmu. Akwai makon da nake ƙarewa ban yi magana mai tsawo da kowa ba sai awakina.

A wannan hali ne lokacin tantancewa ya zo, wato ranar da kowane ɗan fansho zai bayyana ya dangwala yatsa a na'ura don a tabbatar yana raye. Ban iya zuwa Rano ba. Wata Asabar da la'asar sai na ji sallama, na leƙo na gan ka a kan babur, da na'urar a cikin jakar nan taka. Ba aikin sashenka ba ne, roƙa ka yi aka ba ka sunayen marasa lafiya na Rano da Kibiya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na dangwala yatsa na'ura ta ƙi, domin fartanya ta cinye zanen. Ka fito da ɗan gwangwanin man kaɗe ka shafa mini, ka ce manoma duka haka suke, na'urar ce 'yar birni. A karo na huɗu ta karɓa. Ka ce, "To Sufeto, gwamnati ta yarda kana nan."

Shekara shida kana wannan zuwa. Aikin minti biyar ne, amma sai ka yi awa biyu. Ka sha fura, ka kushe mini dawa cewa na yi mata shuka da kauri, ka sa ni in ba ka labarin ɓarayin shanun da na bi har kwana uku, labarin da ka ji ya fi sau goma. Kai kaɗai ne kake tambayata abin da na ci jiya, kuma ka jira amsa. Sau ɗaya na ɗauko maganar Rano, na ce Malam Ubaidu, wannan abu da ya faru. Ka katse ni ka ce in kawo yatsan. Na ɗauka shi ke nan an wuce wurin, kuma gaskiya na ji daɗin da ka sauƙaƙa mini, domin ni mutum ne mai taurin kai.

A zaman makoki na san abin da na yi. Ina zaune a ƙofar gidanka sai wani dattijo, wanda bai san ni ba, yake ba na kusa da shi labari. Ya ce da can kai ne kake jan salla a masallacin unguwarku duk ranar da liman ba ya nan kana gari, domin ka fi kowa karatu. Sai wata magana ta taso daga Rano, wai wani babban jami'i ya ce kana ajiye kayan sata. Ba wanda ya tuhume ka, amma daga ranar idan liman ba ya nan sai a tura wani gaba. Ka koma sahu na biyu, can gefen bango, kuma a nan ka yi sallarka shekara takwas. Na tambayi ɗanka Mukhtar ko haka ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne Baba. Marigayi ne ya hana mu gaya maka."

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau mota na je Rurum Sabon Gari. Bayan la'asar na nemi izinin liman, na dogara sandata na miƙe a masallacin. Na faɗi sunana da muƙamina, na ce ni ne na yi maganar, ƙarya na yi, fushi ne da son zuciya, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe amanar da ba tasa ba kamar Malam Ubaidullahi. Sahu biyu ne kawai. Dattawan da suka ji maganar tun farko yawancinsu sun rasu, matasan kuwa suna kallona ba su san abin da nake nufi ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. Na tsaya ina duban gefen bangon nan har masallaci ya zama ba kowa.

Shi ya sa na rubuta wannan takarda, don ta kai inda muryata ba ta kai ba. Duk wanda ya taɓa jin wannan kalma, ko ya ɗauke ta ya kai gaba, ya sani mai ita ya janye ta, kuma ya taimaka ya mayar da janyewar inda ya kai maganar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Kulu, da 'ya'yansa Mukhtar da A'isha, da sauran iyali, da jama'ar Rurum Sabon Gari, da abokan aikinsa, da tsofaffin Rano da Kibiya da za su saurari ƙarar babur ɗinsa bana su ji shiru. Hajiya, ke da 'ya'yanki kun sha wannan abu tare da shi, ina roƙon ku ku yafe mini.

Allah Ya jiƙan Malam Ubaidullahi, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa amanar da ya riƙe ta zame masa haske. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tsaya musu. Ya Allah, ni na mayar da bawanKa baya a masallacin garinsu. Ka sa shi a sahun gaba a wurinKa, ni kuma Ka ba shi ikon yafe mini ranar da za mu tsaya. Amin.