Tukwanen da aka kife a bayan ganuwa

Lokacin da na je, garin bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa. Ana dai ta maganar gwamnati za ta ɗauke sunan ta ba sabon birnin da za a gina a daji. Ɗana na fari yana cikin samarin da suka bi masu awon ƙasa zuwa can, yana riƙe musu sanda da igiya. Da damina zazzaɓi ya kama shi. Kafin labari ya iso mana Kano an riga an rufe shi.

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi mini, haka na yi wa nawa. Ko zaman makoki ƙanena ne ya karɓi gaisuwa, ni ina gefe. Bayan kaka na ce wa mutanen gida zan je ganin gari. Ba wanda ya tambaye ni wane gari.

Na sauka a Kwamba, a gidan da yaron ya yi haya. Maigidan dattijo ne manomi, haifaffen garin. Ya dubi fuskata sau ɗaya ya sunkuyar da kai, na san kamannina da yaron ya gani.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya," na ce. "Na ji ana yabon garinku ne, na ce bari in zo in gani."

Ya yi murmushi. "Bakano ya zo ganin gari, ba haja a kai? To, sha ruwa, gobe sai ƙafarka ta gaya maka."

Ya kuwa nuna mini garin. Ya kai ni inda ragowar ganuwa take, ciyawa ta rufe rabinta. Ya ce kakanninsu daga Zazzau suka taso, suka fake a cikin duwatsun nan, ba wanda ya taɓa cin su da yaƙi. "Ku ma da kun zo, da gudu za ku koma." Na yi dariya don kada ya ji nauyi. Muka hau mota zuwa Dutsen Zuma. Ban taɓa ganin dutse guda mai girmansa ba. Ya nuna mini abin da ake cewa fuskar mutum ce a jikinsa, ido biyu da baki. Na ce na gani. Gaskiya abin da nake tunani shi ne ko yaron ya taɓa tsayawa inda na tsaya.

Da la'asar muka biya wurin matan Gwari masu ginin tukwane. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, mace ce ke zagaya ta a duƙe, tana jan yumɓu sama da hannu. Wata tsohuwa ta ɗago ta ƙura mini ido.

"Baba, ba kai ka haifi dogon nan mai dariya ba? Wanda yake zuwa shan ruwan randata?"

Ina neman abin faɗa maigida ya riga ni.

"Ke, baƙo ne. Ganin gari ya zo."

Kunyata ya kare mini, kamar yadda duk mutumin kirki zai yi. Amma da ya bar ta, da na ji wani abu game da yaron, ko da yadda yake riƙe moɗa ne. Ta koma kan tukunyarta, muka wuce.

Washegari motar Kaduna za ta tashi da hantsi, ban ga abin da ya kawo ni ba, kuma ban iya tambaya ba. Na ɗauki jakata. Maigida ya ce mu bi ta bayan ganuwa, ta fi kusa da tasha. Ko ni baƙo na gane ba ta fi kusa ba.

Hanyar ta ratsa gefen maƙabarta. Can ya tsaya ya cire takalmi, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Akwai wani baƙonmu a nan. Yaron kirki. Mun kife masa tukunya don kada wurin ya ɓace."

Ya shige gaba yana ture ciyawa da sanda, ina bin sa. Sai ya tsaya cik. Kaburbura uku ne a jere, ruwan sama ya kwantar da su, kowane da tukunyarsa a kife, duk iri ɗaya, duk ginin hannun matan nan. Ya duba wannan, ya koma wancan, ya auna da ido daga wata bishiyar ɗorawa.

"Wallahi Malam, ranar ita kaɗai ce a nan. Ko na tsakiya, ko na kusa da shi. Ka gafarce ni."

Na ce babu komai. Muka tsuguna a kan na farko muka ɗaga hannu. Shi ya ambaci sunan yaron da ƙarfi, ni na ce amin. Muka matsa na biyu, ya sake faɗa. Haka na uku. Na taɓa kowace tukunya da tafin hannu, rana ta ɗumama su duka.

Na samu motar, muka bi ta Sabon Wuse muka yi arewa. Da na isa gida mahaifiyar yaron ta kawo mini ruwa ta durƙusa. Ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Ya garin?" ta ce.

"Suna da tukwane masu kyau."

Ta daɗe a durƙushe tana jira ko zan ƙara wani abu. Ban gaya mata uku ne ba.