Sawu a Ƙarƙashin Jirgi

A wani lungu na Ƙofar Mazugal, Nata'ala ɗan koli ya sauke kayansa yana kallon wani tsoho da bai sani ba. Tsohon na kan tsani yana yi wa sabon zaure ado. Siriri ne kamar kara, laka ta bushe masa har gwiwar hannu, leɓensa na motsi da salati.

Mai gidan bana ya je Makka a jirgin sama, shi ya sa yake son jirgin a goshin zaurensa. Ga shi kuwa ya fito, da fukafukai da tagogi, amma babu kowa a ciki. Da gani, tsohon ba ya zana mai rai, yana tsoron ranar da za a ce ya hura masa numfashi.

Sai ya ɗan sauko, yana danna gefen hannunsa a ɗanyar laka. Sawun ƙafa ne ƙanana a jere, sun nufi gabas.

"Malam, jirgi na ce maka. Wannan fa?" in ji Alhaji mai gidan.

"Sawun ɗana ne, Alhaji. Shi a ƙasa ya tafi."

"Ya dawo?"

Tsohon ya kafa wa sawun ƙarshe ido. Nata'ala ya raya a ransa, ko zauruka nawa ne a birni ke ɗauke da sawun nan?

"Share shi," in ji Alhaji, "kada a ce a ƙasa na je."

Tsohon ya tsoma hannu a ruwa, ya yi bismilla. Yana shafe sawun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai yi wa gawa wanka.