Aguwa a Lakar Komadugu

A da, in mutum ya ce yana da shuka a Diffa, tattasai yake nufi. Ruwan kogin Komadugu zai iso, injinan ban ruwa su yi ta kuka tun hantsi har la'asar, bayan ƴan watanni a shanya tattasai a kan tudu, ƙasa ta yi ja iyakar ganinka. Yanzu lambuna bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, a bayan ɗakina yake, kuma duk abin da ke cikinsa ba mai son ruwa ba ne.

Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota. Na san Agadas da Sabha, na kwana Marwa da Njamena, na yi cinikin taya da Larabci, da Fulatanci, da Faransanci, da Barbarcin da na koya a kasuwar nan, ko da yake iyayena daga Damagaram suka zo. Duk inda na tsaya na ga tsiro mai kaurin jiki yana zaune cikin duwatsu ba ruwansa da kowa, sai in karyo reshe in jefa bayan kujera. Haka na tara kariya mai jan fure, da zabuwa iri uku, da moda, da wata ƙerana daga duwatsun Kamaru. A biranen Larabawa na ga ana ajiye irinsu a ƴan tukwane a kan tebur don ado. A nan kuwa mai ɗakina cewa take na cika mata gida da ƙaya da guba. Abin da na koya a kansu kaɗan ne: yashi da tsakuwa, tukunya mai huda a gindi, ruwa kuma sai ƙasa ta bushe ƙamas.

Ina da amini, manomin tattasai, Babarbare daga wani ƙauye a bakin kogi. Shekaru ina ɗaukar masa buhuna. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, shi kuma Direba yake kirana har bayan na je Makka. Da rikici ya tashi a 2015 mutanen ƙauyensu suka watse, shi ya sami bukkar tamfol a sansanin ƴan gudun hijira na Assaga, bakin hanya.

Wata ranar kasuwa ya shigo gidana da wani abu naɗe cikin tsumma. Reshen aguwa ne, bai kai kamu biyu ba, fari-fari, ba ganye ko ɗaya.

"Direba, ka sa mini wannan cikin mayun tsirran nan naka."

"Aguwa, Yaya? Ai ita ce shingen kowace gona daga nan har Maine."

"Wannan ba ta gona ba ce," in ji shi. "Ta kan uwar ƴaƴana ce."

Matarsa ta rasu shekara guda kafin su gudu. Ya kafa rassan aguwa kewaye da kabarinta saboda dabbobi, suka kama. Ranar da suka baro ƙauyen, bayan ya ɗora tabarmi da tukwane a amalanke, ya ruga maƙabarta ya karyo wannan. A Assaga ba shinge, awaki da yara ko'ina. Ya ce in riƙe masa da rai har ranar komawa, ya mayar da shi inda ya fito.

Na dasa shi a yashi, cikin rabin jarka da na huda da ƙusa. Ya kama. Damina ta zo ya yi ƴan ganye, rani ya zo ya zubar da su, yadda aguwa take yi.

Nan matsalar ta faro. Aminina ya san aguwa tun yana yaro, amma a kan tudu ya san ta, inda ba mai kallonta. Bai taɓa renon ta ba. Abin da ya rena duk rayuwarsa tattasai ne, shi kuwa tattasai in ya zubar da ganye mutuwa yake yi. Da ya ga reshen tsirara sai ya tsuguna ya tona yashin da yatsa.

"Wannan ƙasar ko jaki ba zai yi birgima a kanta ba. Ku Damagarawa, rowarku har a kan ruwa?"

"Aguwar barci take yi, Yaya. Ka ƙyale ta."

"Direba zai koya mini noma!"

Mako na gaba ya zo da buhu a kafaɗa. Ya je har gaɓar kogi, inda a lokacin mutane ke tsoron zuwa, ya ɗebo baƙar laka, irin wadda ake renon dashen tattasai a cikinta. Ya juye yashina, ya cusa lakar, ya danne da tafin hannu har ta toshe hudar. Ya ɗauki butar alwalata ya tsiyaye ta kaf.

Na san abin da zai biyo baya. Na ga yadda zabuwa ta narke a hannun wani mai masauki a Marwa da ya so ta fiye da kima. Amma mutum ya sa ransa a hatsari ya ɗebo ƙasar garinsu don kabarin matarsa, da wane baki zan ce ƙasar ba ta da kyau? Na ce a raina in ya tafi zan canza. Sai na tuna kowace ranar kasuwa zai dawo ya duba. Na bar ta. Yana zuwa, ya yi sallama, kafin ya zauna ya ɗauki buta. Mai ɗakina ta ce, "Alhaji, ka faɗa masa mana." Na ce sai mako mai zuwa.

Wata safiya na taɓa gindin reshen, yatsana ya shige ciki. Ya yi baƙi, yana wari. Na kawo wuƙa na yanke saman da bai ruɓe ba, gutsure uku, kowane kamar tsawon yatsa, farin ruwa yana ɗiga. Na jera su a inuwa a kan tsohuwar tabarma, domin sai bakin yankan ya bushe ake dasawa.

A haka ya same su. Ya dubi jarkar, ya dubi tabarmar. Na yi ta bayani, da Hausa, da Barbarci, cewa za su kama, cewa laifina ne da ban yi magana da wuri ba. Bai yi mini gardama ba, kuma wannan ne karo na farko tun da na san shi.

"Ka shimfiɗe su kamar masu jiran sutura," ya ce.

Ya ɗauki butar, ya riƙe ta ɗan lokaci, ya mayar da ita inda take. Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Bai sake zuwa ba. Na je Assaga sau biyu, na tarar da shi kwance, zazzaɓi ne in ji ƴarsa. Na ce masa na dasa su a yashi. Ya ce, "To, Direba." Ya rasu kafin ruwan farko. Kwana tara bayan jana'iza, ɗaya daga cikin ukun ya fito da ganye biyu.

Da aka fara komawa ƙauyuka na ba ɗansa reshe ya tafi da shi. Ya dawo mini da shi cikin tsumman da na naɗe masa. Ambaliya ta bi ta kan maƙabartar, ta shafe tudun, ba aguwa, ba alama, tsofaffin da suka rage kowa yana nuna wuri dabam. Muka kai reshen kan kabarin uban, muka kafa a busasshiyar ƙasa.

Aguwar da ke gidana yanzu ta kai ƙirjina. Ranar kasuwa nakan sami kaina tsugune a gindinta, ina tona ƙasa da yatsa in ji ko da danshi. Wani lokaci sai in ga buta a hannuna ban san sa'ad da na ɗauka ba.

Aminina bai koma ƙauyensu ba, reshen ma bai koma kan kabarin matarsa ba. Ba wanda ya san inda matarsa take kwance, aguwarta kuma ta zama ta Diffa.