Katun Ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa a Wayar Inna

Shekara ashirin da biyu Mai Buroshi ya yi yana rubuta allunan shaguna a layinmu. Shagona na ɗinki na jikin nasa, don haka na san tarinsa, na san fushinsa. Mutum ne mai hannu. In ya zana kifi a allon mai kifi, sai ka ji kamar ƙarni na tashi. Da injinan buga talla suka yawaita aiki ya ja baya, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya koya wa kansa zanen katun mai motsi.

Shi ya koya wa ƙanwarsa riƙon fensir. Auta suke ce mata, ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya uku. Lokacin hutun aiki take zana 'yan mutane a wayarta, kai kamar ƙwallo, ƙafa kamar tsinke, ta sa musu murya ta watsa a intanet. Kafin a jima kowa na tura wa kowa.

"Wai wannan ne zane?" in ji shi, yana nuna min. "Dubi hannu, yatsu uku!"

Amma kullum sai na gan shi yana leƙa yawan waɗanda suka kalla, yana tsaki.

Wata takwas ya yi a kan nasa katun, labarin direban bas da akuyar da ta ƙi sauka. Kowane gashin akuyar sai da ya zana. Ranar da ya gama, ya ajiye shi a fayil mafi nauyi don kada launi ya dushe, ya loda wa mahaifiyarsu a waya, ya zauna gabanta yana jira. Inna ta danna. Baƙin allo. Ta sake dannawa, sai ƙarar bas kawai, babu hoto.

"Ko wayar ce ta gaji?" ta ce. Sai ta buɗe na Auta don ta gwada, ya taso nan take. Ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, ta manta da wanda ke zaune.

Auta, da ke zaune gefe, ta ce, "Yaya, kawo in juya maka shi zuwa MP4, irin fayil ɗin da kowace waya ke karɓa. A rage masa nauyi, a kuma tsayar da shi, tunda a tsaye mutane ke riƙe waya."

"Ke za ki koya min? Ni na gyara miki riƙon fensir."

Kwana huɗu bai buɗe shago ba. A na biyar ya hau mota zuwa wata unguwa mai nisa, wurin mai gyaran waya da bai san shi ba. Mai gyaran ya duba ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau, amma ya fi ƙarfin wayoyin mutane. Bari in nuna maka wata da ta iya abin." Ya ɗauko masa katun ɗin Auta.

Da bakinsa ya ba ni wannan labari, yana murza hula a hannu. Ya ce saura kaɗan ya tashi ya fita. Bai kuma ce wa mutumin ƙanwarsa ce ba.

A can wurin mai gyaran aka juya fayil ɗin. Da aka tsayar da hoton, gefen dama da na hagu suka yanke, har da jerin shagunan da ya kwashe wata biyu yana zana wa alluna. Launin bas ya ɗan koɗe. Ya ce ji ya yi kamar ana yanke masa yatsa. Amma ya buɗu a wayata, ya buɗu a ta mai shayi, layi duka aka kalla.

Auta ta saka shi a shafinta ta rubuta, "Aikin yayana." Cikin kwana biyu ya samu masu kallon da bai taɓa mafarkin samu ba. Na shiga yi masa murna, na tarar da shi ya haɗe rai.

"Ta shafinta suka zo," ya ce.

Yanzu yana kan na biyu, a tsaye yake zana shi tun daga farko. Auta ta roƙe shi ya bar ta ta yi muryar kwandastan bas a ciki. Sati uku ke nan yana ce mata zai duba.