Mai Firji a Cikin Bango

Duk wanda ya buga wasan wayar nan na Tsibiri Bakwai a shekarar da tashar jiragen ruwa ta haukace ya san shi, ko da ba su taɓa gaisawa ba. Shi ne mutumin nan da ke maƙale a bangon ofishin kwastan, rabin fuska a waje, hannu ɗaya a miƙe kamar mai tsayar da tasi. A cikin wasa sunansa Dattijo. A layinsu kuwa Mai Firji ake ce masa, don shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran firji a wani tsukukun shago tsakanin kemis da mai yankan makulli.

Shagon ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya karkace. Firji uku marasa ƙofa a dama, tulun gas a hagu, tarin kwamfireso a ƙarƙashin benci, kowanne da guntun kwali a ɗaure an rubuta ranar da ya mutu. Shi kuma yana tsakiya da tastar gwada wuta a aljihun gaba, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da wayar wuta.

Mutum ne mai doka biyu, duka kuma wajen ubangidansa ya gado su, wani tsoho mai saurin hannu da ya koya masa aiki. Ta farko: in abu ya lalace, kada ka taɓa kafin mai gyara ya zo. Babu abin da ke ƙona masa rai kamar a kawo firji an sa wuƙa an fasa ƙanƙara har an huda bututun gas, sannan mai shi ya dafa ƙirji ya ce wallahi ko kallonsa bai yi ba. Mai Firji ba ya musu. Yatsa kawai yake ɗorawa a kan sawun wuƙar, ya bar shi a wurin har mutum ya fara kallon silin. Doka ta biyu: shi ba ya zagin mai gyara ɗan'uwansa, ko na mota ne, ko na haƙori. Ya sha zagi a tsaye da sukudireba a hannu, ya san yadda yake sauka.

Ƙanwarsa ce ta jefa shi a wasan. Auta ake ce mata, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, yatsunta biyu a kan waya sun fi bakin mutum goma kaifi. Lokacin da wani ƙaton firji ya zame daga baro ya karya masa ƙafa, ya yi sati shida a kwance yana ƙirga juyin fankar sama, ita ta ƙwace wayarsa ta saka masa wasan don ya daina kiranta yana tambayar ko ta ci abinci.

Mutane na shiga Tsibiri Bakwai don su yi faɗa, su yi fashin teku, su tara zinariya. Shi da ya shiga, gatari ya ɗauka. Shekara biyu cur yana saran itace yana haɗa jirgin ruwa, katako bayan katako, a tashar tsibiri na shida. Jirgi mai tirke uku, da ɗakin kyaftin, da taga mai gilashi. Bai taɓa fita teku da shi ba ko sau ɗaya, wai sai ya gama ɗinka filafilin ƙarshe, shi ba ya sallamar aiki rabi da rabi.

To wasan yana da wata ƙa'ida: jirgin da mai shi ya yi kwana casa'in bai taka shi ba, nutsewa yake yi, don a rage tarkacen waɗanda suka gudu. Wannan ba ta taɓa damun Mai Firji ba. Mutumin da ke share benen jirgi kullum kafin ya buɗe shago?

Sai masu wasan suka saki sabon afdet, wato sabuntawar wasan, bangon kwastan ya fara haɗiye mutane. Ka zo wucewa, ka ɗan goge shi, shi ke nan, ka zama ado. Cikin yini ɗaya mutum ya fi ɗari uku a jere, wannan ƙafa a waje, wancan ƙeya. Mai Firji yana ɗauke da filafilin ƙarshe a kafaɗa, saura taku arba'in ya kai jirginsa, bango ya karɓe shi.

Da yamma masu wasan suka fitar da sanarwa: suna sane da matsalar, suna aiki a kai, suna roƙon waɗanda abin ya shafa kada su yi yunƙurin fita da kansu, sun gode da haƙuri. Mai Firji ya karanta sau uku, ya cire tabarau ya goge.

"Waɗannan sun san aiki," ya ce.

Kafin kwana biyu 'yan wasa sun gano dabara. In abokinka ya turo amalanke da gudu ya maka maka daga hagu daidai lokacin da ka yi tsalle, sai ka fito fit, takalminka kawai ke zama a ciki. Mutum ɗari uku suka fito ba takalmi suna murna. Auta ta zo shagon da kanta, ta zauna a kan wani firji da aka kwantar, amalankenta a shirye cikin waya.

"Yaya, in na ce uku ka danna tsalle."

"Ba zan danna ba."

"Ban gane ba."

"Sun ce kada a taɓa."

"Su wa? Mutanen da suka gina bango mai cin mutane?"

"Auta, kin san wayoyi nawa ne a bayan bangon nan? Ni ban sani ba, ke ba ki sani ba. Ki fisge ni yanzu ki huda musu wani abin, gobe su zo gyara su tarar da sawun wuƙa."

"Wace wuƙa kuma, Yaya? Amalanke ne!"

"Duk ɗaya ne."

Ta yi masa kallon da ake yi wa wanda ya sha magani ba nasa ba, ta tura amalanken duk da haka. Ya maka masa. Bai yi tsalle ba. Amalanken ya tarwatse, shi yana nan da hannunsa a miƙe.

A sati na uku gyara ya iso. Masu wasan suka toshe dabarar amalanke, saboda wasu sun fara shiga baitulmali da ita. Suka kuma hana bangon haɗiye sababbin mutane. Wanda ya riga ya haɗiye kuwa, sanarwar ba ta ce komai a kansa ba, don a lissafinsu babu kowa a ciki. Wa zai zauna?

Daga nan rayuwarsa ta koma kamar ta mai jinya. Kullum bayan ya ci abincin rana zai jingina da benci, ya buɗe wasan, ya juya kyamara iya inda take juyuwa, ya hango tirakun jirginsa ta saman rumfar masu kifi, ya rufe. Duk Litinin yana aika wa masu wasan wasiƙa. Yana farawa da gaishe su da aiki, ya tambayi iyalansu, ya ce ya san abin da yawa, sai a layi na tara ya ambaci cewa har yanzu yana cikin bango, in an samu sarari. Cikin daƙiƙa biyu amsa take dawowa: saƙonka yana da muhimmanci a gare mu.

"Kin gani? Sun amsa."

"Yaya, inji ne."

"Injin ma ai wani ne ya kunna shi."

Matarsa, malamar firamare ce, wata rana ta leƙa ta kafaɗarsa ta karanta wasiƙar har ƙarshe. Ta ajiye masa kofin shayi a hankali.

"Maigida, shekara goma sha biyar muna tare, ban taɓa samun takarda mai ladabin wannan ba. Ko ni ma in bar ka a cikin bango ne?"

A guruf ɗin 'yan wasa kuwa, inda zagin masu wasan ya zama kamar gaisuwar safe, shi kaɗai ne ke shigowa da dogon rubutu mai sakin layi. A bi su a hankali. Su ma mutane ne. Wanda bai taɓa buɗe bayan inji ba ya rage murya. Suka sa masa suna lauyan kamfani. Wani ya tambaya ko kawunsa ne mai gadin ofishin. Auta da kanta ta rubuta: "Jama'a yayana ne, a gida ma haka yake, mun gwada komai."

Abin har ya bi shi shago. Wata mai sayar da lemon kwalba ta zo tana faɗa, ya ce mata Talata, ga Juma'a ta yi, kayanta duk sun yi ɗumi. Ya gyara tsayuwa ya ce suna sane da matsalar, suna aiki a kai.

"Ku wa?" ta ce, tana leƙa bayan firjin. "Kai kaɗai nake gani a shagon nan."

A cikin wasa kuma ya zama alamar hanya. "Mu haɗu wajen Dattijo." "In ka wuce Dattijo ka yi dama." Wani ya rataya masa bokiti a hannun da ke miƙe. Sababbin shiga suna ɗauka masu wasan ne suka kafa gunki, su tsaya su ɗauki hoto, sai gunkin ya rubuto musu "sannunku da zuwa," su watse da gudu. Wata mai kifi ta matso da teburinta gefensa saboda nan ne cunkoso.

Yana dariya da su, amma yana ƙirga. Kwana sittin. Saba'in da biyar. A wasiƙar kwana na tamanin da huɗu, karo na farko, bai tambayi iyalansu ba.

Ran kwana na tamanin da shida aka saki babban afdet. Can ƙasan sanarwar, bayan sababbin kalolin aku, aka rubuta cewa duk ɗan wasan da ya maƙale an mayar da shi tsibiri na farko lafiya. Mai Firji ya buɗe waya ya ga mutuminsa tsaye a bakin yashi, ƙafa biyu, fuska cikakkiya, filafili a kafaɗa, da wata hular kyauta mai gashin tsuntsu. Ya ɗaga wayar sama kamar ya ci kofi.

"Ban faɗa muku ba?"

Auta ba ta yi dariya ba. "Yaya, jirginka yana na shida. Kwale-kwalen haya sau ɗaya yake tashi a rana, tsibiri ɗaya yake tsallakawa. Kwana biyar ke nan. Saura maka huɗu."

Ya ƙirga da yatsu. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya hannun.

Nan Auta ta nuna ko ita wace ce. Ta shiga guruf ta daina zagin kamfani, ta koma zagin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da yayanta kuma yana da jirgi mai gudu. Abin mamaki suka fito. Wanda ya sa masa suna lauyan kamfani shi ya ɗauke shi daga na farko zuwa na uku. Wasu 'yan fashin teku suka tsagaita wuta suka ba shi hanya. Mai kifin nan, da cinikinta ya mutu tun da aka cire shi, ita ta karɓe shi a na biyar. Mai Firji ya rufe shago kwana biyu, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi 'yarsa ta fari.

Ran kwana na casa'in, da rana tsaka, suka shigo tasha. Yana falo, Auta a hannun kujera, matarsa tsaye da jan biro da littattafan 'yan aji a ƙirji. Ga jirgin can, tirke uku, rana tana haska gilashin taga. Ya sauka a kan gada, ya bi ta nesa da bango sosai, ya fara gudu.

Sikirin wayar ya yi fari, sanarwa ta fito. Za a rufe wasan na minti talatin domin inganta jin daɗinku. Mun gode da haƙurinku.

Minti talatin ɗin sai washegari da hantsi suka cika. Da ya shiga, yana tsaye a kan gada da filafilinsa da hular gashin tsuntsu. Gabansa ruwa ne shuɗi, lumui, har da 'yan kifaye suna wasa. Wani sabon shiga ya riga ya ɗaure ɗan kwale-kwalensa a gurbin.

Ya ɗora wayar a cinya. Auta, da ta zo tun da safe, ta leƙo ta ga ruwan. Matarsa ta fasa fita makaranta ta zauna kusa da shi.

"Auta," ya ce. "Ina wurin nan da ake ba su taurari?"

Da sauri ta buɗe masa. Taurari biyar a jere, farare. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa, ya tsaya, ya danna ta biyu.

"Biyu? Yaya, biyu? Shekara biyunka suka nutsar!"

"Ɗaya ta wanda bai zo ba ce sam," ya ce. "Su sun zo."

A wurin rubuta dalili ya rubuta: "A gaskiya ban ji daɗi ba." Ya karanta, ya ga kamar ya yi tsauri, amma ya bar shi a haka ya tura. Sannan ya koma cikin wasan, ya ajiye filafilin a ma'aji, ya tambayi mai kifi ko har yanzu akwai itacen kirki a bayan tudu, ko an sare.